Wasiƙa daga Sakkwato: 2020 ta iso, ni dai ban yanke ƙauna ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka baki ɗaya, ya sanyi? Mu nan Sakkwato hunturun bana ya zo da ƙarfi, hazo da safe har ba ka hango ƙarshen titi, yara kuwa sai an yi da gaske kafin su yarda da ruwan wanka. Dan Allah ka ɗan sammin fili a shafin wasiƙu in faɗi abinda ke raina game da shigowar 2020 da shekaru goman da ke gabanmu in Allah ya kai rai.

Na san akwai masu cewa mi ya haɗa mu da sabuwar shekarar Bature, a majalisarmu ta ƙofar masallaci an kwana biyu ana wanga gardama, wani ma ya kawo tashi cewa ai sabon goman sai 2021 zai fara, kowa na ta ƙidaya da yatsu. Ni dai tawa mai sauƙi ce, da wagga kalanda ake biyana albashi, da ita mai gida ke zuwa karɓar kuɗɗin haya, da ita ake buɗe makaranta a rufe, da ita ake zaɓe. Kuma ko Hijira munka bi ai muna 1441, ita ma tun Muharram ta buɗe sabon goma. Ba biki nake kira a yi ba, lissafi nake so mu zauna mu yi.

Mu da munka yi wayo zamanin Abacha mun san Vision 2010, kwamitin da anka kafa a 1996 anka ba Ernest Shonekan shugabanci, kullum rediyo na ta faɗi ana cewa in 2010 ta zo Najeriya ta wuce wurin. Ta zo ta wuce babu wanda ya ko tuna ya tambaya, don kafin ta iso an riga an sako wata, Vision 20:2020, wadda gwamnatin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ta fitar da kundinta, wai zuwa 2020 za mu shiga sahun ƙasashe 20 mafi ƙarfin arziki a duniya, tattalin arzikinmu ya kai dala biliyan 900, in an raba kowane ɗan ƙasa ya tashi da dala 4,000 a shekara. To ga 2020 ɗin nan mun shigo da ƙafar dama, da ƙyar munka kai rabin wancan lissafi.

Talaka ma ba ya buƙatar a karanto mishi biliyoyi. A 2010 litar fetur naira 65 ce. Ranar 1 ga Janairun 2012 Jonathan ya cire tallafi ta koma 141, anka yi yajin aiki da zanga-zanga ƙasa ta tsaya cik sannan anka dawo da ita 97, ta sauko 87 gab da zaɓen 2015, a watan Mayun 2016 gwamnatin Buhari ta kai ta 145 inda take har farkon 2020. Dala kuwa daga wajen naira 150 ta kai 360 a hannun 'yan canji zuwa farkon 2020, farkon 2017 ma sai da ta haura 500. Mafi ƙarancin albashi an mayar da shi 18,000 a 2011, bara cikin Afrilu anka sa hannu kan 30,000, munka yi ta murna, amma ka ɗauki biro ka buga, 18,000 ta wancan lokaci ta kusa dala 120, 30,000 ta farkon 2020 ko dala 85 bata kai ba. Ga harajin VAT majalisa ta amince a ɗaga shi daga kashi 5 zuwa 7.5. Kuma ban manta ba da rahoton hukumar ƙididdiga ta ƙasa da ya fito a 2012 wanda ya sa Sakkwato kan gaba a talauci, sama da kashi 80 cikin ɗari, a lokacin manya sunka yi ta musu, mu kuwa da muke zaune cikin unguwa mun san wanda ke kwana bai ci ba.

Duk da haka Edita, wallahi ni ina da kyakkyawan zato ga shekarun da ke tafe, kuma ba daga bakin ɗan siyasa na samo shi ba. Ni malamin firamare ne, da rani kuma ina taɓa noman fadama, abinda ido ya gani zan faɗa.

Ƙanwata na cikin matan nan masu bi gida gida suna ɗiga ma yara maganin shan inna. Duk zagayen da za a yi tun da duku-duku take fita da hijabinta da ɗan akwatin sanyi rataye a kafaɗa, ƙanƙara a ciki don kar maganin ya lalace, da alli da alƙalamin shafa ma yaro a ɗan yatsa. Ɗigo biyu ne kawai a baki. In sun gama da gida sai su yi rubutu da alli a jikin bango ko ƙyaure, yara nawa ne a gidan, nawa anka samu, wane ne baya nan a dawo mishi. Kowa ya bi lungunan cikin gari ya san rubutun nan, wani kan wani, sabo bisa tsoho, har bangon wasu gidaje ba ka gane asalin launinsa. Shekarun farko abinda ta gani sai ita, akwai gidan da anka sako musu kare, akwai inda anka watso musu ruwan wanke-wanke, akwai mai gidan da ya ce in sunka sake taka mishi zaure sai dai uwarsu ta haifi wasu. Mata su ɓoye yara a ƙarƙashin gado ko bayan rumbu, wata uwar kuma ta fi wayo, ta miƙo yatsan yaron ta ce ku shafa kawai ku wuce kar ku ɗiga, don a zauna lafiya da mai gida. Kuma in ka saurari mutanen ba hauka suke ba, tambayarsu ita ce, zazzaɓin cizon sauro na kashe mana ɗiya mun je asibiti an ce mu sayo magani, ku kuma kuna biyo mu har ɗaka da na kyauta, mi ke ciki? Tambaya ce mai ma'ana, kuma an daɗe ba a ba su amsar kirki ba.

Ka tuna yadda abin yake. A 2003 jihohi irin su Kano sunka dakatar da rigakafin gaba ɗaya saboda zargi, cutar ta bazu har ƙasashen waje. A 2008 yaran da ta kama a Najeriya sun kusa 800. Ko a 2012 an samu 122, fiye da rabin na duk duniya a shekarar. A watan Fabrairun 2013 anka harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano, yawancinsu mata, a lokacin mahaifiyarmu kuka ta sa ta ce ƙanwata ta ajiye aikin, ta yi kwana biyu a gida ta koma. Abinda ya juya lamarin a ganina shi ne shigowar sarakuna, tun da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya sa baki anka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan harkar lafiya a 2009, sai magana ta sauko daga fada zuwa uban ƙasa, zuwa hakimi, zuwa mai unguwa. Gidan da ya ƙi, ba ɗan sanda za a turo ba, mai unguwa ne zai zo da kanshi da liman su zauna a zaure, wani lokaci mai unguwar ya kawo nashi jikan a ɗiga mishi a gaban kowa. A hankali a hankali, yau gida ɗaya gobe biyu. Rabon da a samu yaron da asalin ƙwayar cutar ta kama a Najeriya tun Agustan 2016 a Borno, bara cikin Agusta anka cika shekara uku cur, kuma ana sa ran cikin wagga shekara ta 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya za ta tabbatar an rabu da ita in Allah ya yarda.

Ni a ajina nake ganin haka. Lokacin da muke yara kusan babu unguwar da ba ta da gurgu ko biyu da shan inna ta nakasa, ka ga yaro na jan gindi ko yana tura ɗan keken katako da hannu. Waɗanda ke bara a shataletale yanzu ka duba da kyau, yawanci manya ne, magidanta. A cikin ƙananan da ke shigowa aji ɗaya shekarun nan ban ƙara ganin sabo ba. Babu wani gwamna da zai yanke kyalle ya buɗe wanga aiki don ba gini ba ne, shi ya sa ba a cika maganarsa ba, amma a wurina duk cikin shekara goman nan babu abinda munka yi da ya kai shi, kuma mata ne sunka yi shi da ƙafafunsu a kan ɗan alawus ɗin da sau da yawa ma sai an ja musu rai kafin ya fito.

Sai dai kar mu yi saurin tafi. Babban binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cikin yara ɗari a jihar Sakkwato biyar ne kacal sunka samu cikakkun alluran rigakafi na yau da kullum, mu ne na ƙarshe a Najeriya. Ga sanƙarau da ya shigo a 2017 ya kashe sama da mutum dubu, Zamfara da Sakkwato da Katsina sunka fi jin jiki. Ga ƙyanda, ga tamowa. Wato hanyar an riga an gano ta, matan na nan, masu unguwanni na nan, an san kowane gida da yawan yaran cikinsa, abinda ya rage a ɗora sauran cututtukan bisa wagga hanya kar a bari ta mutu ranar da masu ba da tallafi daga waje sunka naɗe tabarmarsu. Wanga shi ne tsorona, kuma shi ne fatana.

Sai fadama. Duk Basakkwacen da ya kai shekara ashirin ya tuna ambaliyar Satumban 2010, da ruwa ya taso ta gulbin Rima ya shafe garuruwa da gonaki daga Goronyo har ƙasa, ya cinye hanyar da ta haɗa gari da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, malamai da ɗalibai sunka koma shiga kwale-kwale ko su yi dogon zagaye. Da haka munka buɗe wancan goman, gero ya kusa isa yanka ruwa ya kwashe. Ban taɓa zaton fadamar za ta dawo yadda take yanzu ba. Je ka Kwalkwalawa cikin watan nan ka tsaya bakin hanya, kore shar iya ganinka, albasa, tattasai, tumatir, karas, kabeji, shinkafar rani, ƙarar injin ban ruwa ta ko'ina. Mahaifinmu da jigo ya yi ban ruwa, guga ɗaya ɗaya tun asuba har hantsi kafin ya shayar da 'yan fangaloli kaɗan, bayansa ya ranƙware tun bai tsufa ba. Yau yaro ɗan shekara sha biyar zai ja igiyar inji ya shayar da ninkin wannan kafin a tashi karin kumallo, matsalarsa ɗaya kuɗɗin fetur, kuma na fara ganin masu gwada na hasken rana, in wanga ya yi araha to an gama magana don rana kam Allah ya hore mana ita har ta yi yawa.

Waya ma ta canza kasuwar. Da can sai ka loda albasa ka kai, abinda dillali ya faɗa shi ke nan, ko ka sayar ko ka zauna tana ruɓewa a gabanka. Yanzu kafin a ɗinke buhu manomi ya kira Legas ya kira Onica ya kira Fatakwal ya ji yadda ta kwana, in an sayar a turo mishi kuɗɗi ta asusu ya je wurin mai POS a bakin kasuwa ya cira, babu ɗaure kuɗɗi a ƙugu ana tsoron 'yan fashi a hanya. A 2010 wa ya san wani POS? Nokia mai tocila ce a hannunmu, mai BlackBerry kuwa sai a yi ta kallonsa, in za ka duba sakamakon jarrabawa sai ka je kafe ka bi layi. Yanzu tsohuwar da ba ta iya karatun boko ba tana aiko saƙon murya ta WhatsApp. Da sharrinta fa, ƙarya na yawo a wayar nan fiye da gaskiya, wani ya ɗauko hoton wata ƙasa ya ce Isa ce ko Sabon Birni, amma wanga zance ne na wata rana.

Inda har yau muke kuka shi ne ajiya. Albasa lokacin cirarta wajen Maris da Afrilu kowa ya fito da tashi lokaci ɗaya farashi ya faɗi ƙasa warwas, in ka kai Nuwamba ko Disamba da ita kuwa buhu ya ninka sau da yawa. To ina za ka ajiye? Rudu ne dai irin na kakanni, a kafa itace a shimfiɗa kara a zuba a rufe da ciyawa, zafin bazara ya dake ta, damina ta zo laima ya shiga, ranar da ka buɗe wari ne zai fara tarbarka, ka zauna kana tsince mai kyau kana zubar da sauran, wani lokaci abinda za ka zubar ya kusa kai wanda za ka ɗauka. Ga jami'a a bayan gonar, da sashen noma da na injiniya, ga kwalejin kimiyya da fasaha a gari, a ce cikin shekara goma masu zuwa ba za a fito mana da ɗakin ajiya mai araha wanda ƙaramin manomi zai iya ginawa ba? Ni na yarda za a iya. Ba abin biliyan ba ne.

Shinkafa kuwa tun da anka ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers na ba manoma rance a Kebbi cikin Nuwamban 2015 mutane sunka koma gona da gaske, injinan casa sun yawaita, wanda da yake jin kunyar a ga 'yar gida a tukunyarsa yanzu ita yake ci. Rufe boda da anka yi tun Agustan bara ya ƙara ma manomi kasuwa, wannan gaskiya ne, amma a tambayi mutanen Illela su faɗi nasu. Illela da Ƙonni ta Nijar ai gari ɗaya ne aka raba, aure ɗaya, kasuwa ɗaya, wani gonarsa ma na wancan gefe. Ga dokar hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka da ta biyo baya a Nuwamba, ɗan kabu-kabu a can sai ya sayi na bumburutu da tsada. Kasuwar Lahadi ta Illela da kowa ya sani da cikar dabbobi da hatsi ta ji a jikinta. Ina goyon bayan mu ci abinda munka noma, amma a duba mutanen bakin iyaka, ba su ne sunka ƙirƙiro fasa ƙwauri ba kuma manyan masu yinsa ba a Illela suke kwana ba.

Kuma duk wanga noma a kan ruwan dam ɗin Goronyo ya dogara. A 2018 munka ga abin tsoro, ruwan ya janye har anka ce saura kashi 10 cikin ɗari, dam ɗin da anka gina don ya riƙe kubik mita miliyan 942, famfo ya ƙafe a gari, 'yan ga-ruwa sunka zama sarakuna, jarka ta yi tsada. Shekara takwas tsakani, dam ɗaya, sau ɗaya ya yi mana yawa sau ɗaya ya kusa ƙafewa. Yashi da laka sun cike shi, kowa ya sani, a yashe shi mana tun ba a sake shiga wani halin ba.

Yanzu bari in zo kan abinda ke hana ni barci, don in na tsallake shi wasiƙar ta zama ta yaudara. Mu a Sakkwato mun daɗe muna alfahari da zaman lafiya, ko lokacin da Boko Haram ta fi zafi, in ka cire artabun da anka yi a unguwar Mabera wajen yunƙurin kuɓutar da Turawa biyu da anka yi garkuwa da su cikin Maris 2012 da bama-baman da anka kai ma 'yan sanda a ƙarshen Yulin shekarar, Allah ya tsare mu. Muna jin labarin Zamfara kamar wata ƙasa mai nisa. Sai ga shi a Yulin 2018 'yan bindiga sun afka ma Tabanni a ƙaramar hukumar Rabah sun kashe mutane sama da talatin, waɗanda sunka tsira sunka kwarara Gandi, mata da yara a makaranta suna kwana a ƙasa. Daga nan abin bai tsaya ba, Rabah, Isa, Sabon Birni, Goronyo, yau a kore shanu gobe a ɗauke mutum a nemi kuɗɗin fansa, jibi a aiko ma gari takarda. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce zuwa watan Satumban bara sama da mutum 40,000 daga Sakkwato da Zamfara da Katsina sun tsallaka jihar Maraɗi gudun hijira. Ka ji fa, mu ne ke gudu Nijar neman mafaka. Akwai wata baiwar Allah da ke zaune a wani kango kusa da mu da 'ya'yanta, daga gabashin jihar ta fito, mijinta manomi ne mai rufin asiri, rumbunansu cike anka ƙone, yanzu wankau take yi a gidajen mutane. Babban ɗanta na sa shi a ajina, yaro mai kai, amma ko babur ya yi ƙara a waje sai ka ga ya zabura.

An kawo runduna ta 8 ta sojan ƙasa Sakkwato, an yi sulhu a wasu wurare bara abin ya ɗan lafa, mun gode. Amma sulhun da ɗan bindiga zai riƙe bindigarsa ni ban natsu da shi ba. Kuma a faɗi gaskiya, rikicin nan yana da tushe, burtali da makiyaya da anka cinye da gona, alƙalai da 'yan sanda da sunka mayar da Bafulatani saniyar tatsa, 'yan sa-kai da ke kashe mutum a kasuwa don kamanninsa kawai, yaran daji da sunka tashi babu boko babu allo. Wanda ya kashe rai a hukunta shi ko wane ne, wanda anka zalunta kuma a bi mishi hakkinsa ko wane ne. Duk kyakkyawan zaton da nake faɗi a sama, da rigakafin da fadamar, in gabas ta ci gaba da ci da wuta to babu ɗayansu da zai tsaya, don mai akwatin sanyi ba za ta shiga garin da anka watse ba, manomi ba zai kai inji fadamar da za a ɗauke shi ba.

Ta fannin makaranta ba zan ja ba don in na fara sai jaridar ta cika. Gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a ƙarshen 2015, an yi gine-gine, Gudu da a da ba ta da babbar sakandare ko ɗaya an gina mata a Balle, ga jami'ar jiha da ta fara ɗaukar ɗalibai cikin wanga goman da ya wuce. Amma ajina yara sun haura ɗari, rabi a ƙasa suke zaune, in na ba da aikin gida sai in kwana biyu ina dubawa. Abinda ke faranta min rai ɗaya ne, layin 'yan mata a wurin taron safe ya yi tsawon da ban san shi da shi ba lokacin da na fara aiki, kuma iyaye maza da kansu ke kawo su, wani ma ya tsaya yana tambayarka ya za a yi ta zama nas ko ungozoma don ya gaji da kai matarsa asibiti namiji na dubawa. Ko da wanga dalili ne ya kawo shi, mu dai a kawo su. In 'yan matan nan sunka samu sunka wuce aji shida ba a cire su ba, zuwa 2030 su ne za su riƙe asibitocin ƙauye.

Siyasa kuwa ta koya mana abu biyu. A 2015 munka ga shugaba mai ci ya faɗi zaɓe ya kira abokin takara ya taya shi murna, abinda bai taɓa faruwa ba a ƙasar nan. A 2019 kuma nan gida anka ce zaɓen gwamna bai kammalu ba, anka sake a wasu rumfuna, tazarar da ta raba Aminu Waziri Tambuwal da Ahmed Aliyu ƙuri'a 342 ce, maganar ma tana gaban Kotun Ƙoli a farkon Janairun 2020 da nake wanga rubutu, don haka ba zan ce komai a kai ba. Amma 342 fa Edita, mutanen layinmu kaɗai sun fi haka. Duk wanda ya karɓi taliya da sabulu ko dubu ɗaya ya sayar da tashi, ko ya kwanta a gida ya ce ai ba ta da amfani, yanzu ya san nauyinta. Matasa kuma doka ta buɗe musu tun 2018, mai shekara 25 zai iya neman majalisar jiha ko ta wakilai, su daina tsayawa a riƙe ma wani gora da fasta.

Manya da yawa sun tafi cikin shekarun nan, 'Yar'aduwa a Mayun 2010, tsohon Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi a 2016, Alhaji Shehu Shagari a ƙarshen Disamban 2018, ga namu iyaye da ba jaridar da ta buga rasuwarsu. Allah ya jiƙansu da rahama, ya kyautata namu zuwan.

Roƙona ga masu mulki, dan Allah kar a sake tara mutane a otal a Abuja a buga mana wani kundi mai kyalli a ce sai 2030 ko 2050. A ƙarasa waɗanda anka fara. Tashar wutar lantarki ta jiha mai megawat 38 da anka ba da kwangilarta tun 2008 har yau unguwarmu ba ta ga wutarta ba, yaron da anka haifa a shekarar yanzu yana shirin shiga sakandare. Ga simintin Kalambaina, an buɗe sabon layi a 2018 mai tan miliyan ɗaya da rabi a shekara, tireloli na fita dare da rana, a sa ido a ga yaran yankin sun samu aikin da ya wuce dako da gadi. Tunda an dawo da kasafin kuɗɗi daga Janairu zuwa Disamba, bana babu uzurin cewa ba a sa hannu da wuri ba.

Kai ma Edita ina da buƙata wurinka. Ka riƙa turo wakilinka gabashin Sakkwato da kanshi, ya kwana Isa ya kwana Sabon Birni ya ji daga bakin mutane, kar ya zauna cikin gari yana jiran sanarwar kakaki. Sannan duk watan Janairu ku ware shafi ɗaya ku jero ayyukan da anka yi alkawari a kowace jiha ta Arewa, da shekarar da anka fara, da kuɗɗin da anka ce an kashe, da inda aikin ya tsaya, da hoto. Ni zan riƙa yanke shafin ina ajiyewa, kuma in ka buga wagga wasiƙa zan karanta ma 'yan majalisarmu ita bayan la'asar, don akwai mutum biyu a ciki da sunka rantse ba za ka buga ba saboda tsawonta.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Naka mai karatu kullum,
wani malamin firamare,
Runjin Sambo, Sakkwato.
Janairu 2020